Saje Philemon da Allon Layin Kaye

Shekara goma sha tara ina soya ƙosai a bakin Layin Kaye, nan Rikoto cikin garin Zuru, ban taɓa tambayar kowa dalilin sunan ba. Wa ke da wannan lokacin? Haka na tarar ana kiransa, haka 'yan kabu-kabu suka san shi, kuma ko ƙosaina ma ƙosan Layin Kaye ake ce masa. Mu dai mun ɗauka da can filin kokawa ne, tunda mutanen ƙasar nan da kokawa sai Allah. Da Saje Philemon ya kama bakinsa, wallahi da har gobe haka muka ɗauka.

Saje tsohon soja ne, gidansa ne na uku a hannun dama. Gajere ne mai tumbi, da gashin baki da yake murzawa in zai yi ƙarya, wato kusan kullum. In ya zauna a bencina, kafin ƙosai ya tsane ya ci gari uku a Laberiya shi kaɗai. Matarsa Beatrice kuwa, wadda kowa ke kira Maman Rachael, doguwa ce mai faɗin kafaɗa, kuma sai ta yini ba ta yi magana goma ba.

Ɗiyarsu Rachael ta sami miji, wani Michael ɗan Wasagu. Uban yaron, Baba Dominic, tsohon ɗan kokawa ne da ake ji da shi a can, mutum ne kuma da ya tsani maƙaryaci. Ranar da suka fara haɗuwa, Saje ya buga ƙirji ya ce masa shi ma ya yi zamaninsa, bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba.

To, wata safiya yana kan bencina wayarsa ta yi ƙara. Saje ba ya amsa waya sai ya buɗe murya kowa ya ji manyan mutanen da ke nemansa. Baba Dominic ne, yana tambayar kwatancen gida, don Asabar ta sama za su kawo kayan tambaya.

"Michael ya ce sunan layinku Layin Kaye," in ji muryar. "Kai, sunan ya yi mini daɗi! Wa aka kayar? In na zo sai ka ba ni labari tun daga farko, ka kuma nuna mini wurin."

Ƙosan da ke hannun Saje ya faɗi ƙasa, kaza ta yi gaba da shi bai ko kore ta ba.

Tunda yanzu duk Zuru ta sani, bari in faɗa muku tun da wuri: shi aka kayar. Shekara arba'in da biyu ke nan, tsofaffin da suka gani sun kusa ƙarewa, yara sun gaji sunan ba tare da labarin ba. Amma Saje ya tsorata. Gani yake in surukinsa ya tsaya a bakin layi yana tambaya, wani tsoho zai yi suɓutar baki, a gane shi maƙaryaci ne, auren Rachael ya watse a kansa.

"Fadima," ya ce da ni yana murza gashin baki, "wannan suna na ƙauyanci ne. A ƙasashen da na je, layi sunan manya yake ɗauka. Kafin Asabar ta sama na sauya shi."

"Da wane suna, Saje?"

"Ke ma kin sani. Manya nawa ne a layin nan?"

Washegari sai ga shi daga shagon Innocent, mai kayan gini da ke kallon rumfata, ɗauke da falanki da gwangwanin fenti. Innocent Ibo ne amma a Zuru ya yi furfura, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ya biyo Saje har waje yana karanta abin da Sajen ya rangaɗa a falankin: TITIN SAJE PHILEMON MAI RITAYA.

"Oga Saje, titi kuma? Nan da amalanke biyu ba sa wuce juna?"

"Suna ake fara sawa, kwalta ta biyo baya. Kai ɗan kasuwa ne, ba za ka gane tsarin gwamnati ba."

"To ni allon shagona Layin Kaye ya ce. Mutanena na Sakaba da shi suke nemana."

"Sai su koyi karatu sabo."

Saje ya ɗauko diga ya auna wuri dab da murhuna. Na ce masa, "Saje, matsa gaba kaɗan, bututun ruwan Innocent ta nan ya bi."

"Fadima! Ni da na haƙa ramin yaƙi ana ruwan harsashi za ki koya wa haƙa? Soya ƙosanki."

Sara na ɗaya, lafiya. Na biyu, lafiya. Na uku sai muka ji fush! Ruwa ya yi tsiri sama ya fi rufin shago, ya sauko ya kashe mini wuta, ya cika robar ƙulluna. Na yi salati na zagi digar da wanda ya ƙera ta. Saje ya danne ramin da ƙafa, ruwan ya ɓullo ta cikin wandonsa. Kafin Innocent ya ruga ya kashe injin ruwansa, jar ƙasar layin nan ta zama taɓo mai santsi kamar miyar kuɓewa.

Mai kai burodi ne ya fara zamewa da babur ɗinsa. Sai wata mata da tiren tumatir. Sai malamin makaranta da takardunsa a hammata, ya zauna daɓas a tsakiyar hanya. Yana miƙewa ya dubi sabon allon da ke jingine, ya dubi wandonsa, ya ce, "Ku rubuta abin da kuke so, yau dai an yi kaye a layin nan."

Saje bai ji kunya ba. Cewa ya yi bututun ne ba a binne shi bisa ƙa'ida ba. Da yamma ya kafa allonsa a ɗaya gefen, ya ja da baya ya sara masa. Maman Rachael ta fito za ta coci, ta ɗaga kai ta karanta, ta ce a hankali, "Baban Rachael, ka bar sunan nan yadda yake."

"Maganar maza ce," in ji shi. Ta tattare zanenta ta tsallake taɓo.

Kwana biyu allo na tsaye, ba wanda ya kula shi sai wani mai akuya da ya sami turke. Sai Saje ya ce ya gano bakin zaren: sunan layi a bakin 'yan kabu-kabu yake. Ya je tasharsu ya jera su sahu biyu, ya saya musu kunun zaƙi, ya sa suna maimaitawa. Yana cewa "Ina za ku?" suna amsawa "Titin Saje Philemon!" Da kunu ya ƙare kowa ya hau babur ɗinsa.

Ran Laraba Saje ya ce zai gwada aikinsa. Ya taka har kasuwa, ya tare wani dattijon ɗan kabu-kabu, ya haye ya ce, "Titin Saje Philemon." Mutumin da kansa ya ba ni labarin a bencina, yana dariya har yana ƙwarewa. Ya ce da ya ji Saje sai ya miƙa bariki.

"Ba nan ba!"

"To ina ne, Baba?"

"Na ce Titin Saje Philemon! Duk garin nan wa bai san shi ba?"

Suka tsaya wurin masu faci, ba su sani ba. Suka tambayi masu sayar da mai a kwalba, ɗaya ya ce kamar ya ji ana faɗin haka a hanyar Sakaba. Suka miƙa hanyar Sakaba har gidaje suka ƙare, sai gonakin dawa da duwatsu. Rana ta take. Mutumin ya kashe babur ya ce, "Baba, don Allah kusa da ina ne?"

"Rikoto."

"Rikoto ina? Can aka haife ni."

Saje ya yi ƙus-ƙus cikin gashin baki.

"Ban ji ba."

"Kusa da mai ƙosai."

"Masu ƙosai nawa ne a Rikoto?"

Sai Saje ya waiga hagu, ya waiga dama, ya ga ba kowa sai shanu, ya ce, "Layin Kaye."

"Haba Baba! Ai da ka faɗa tun farko!"

Da suka iso, mutumin ya tsaya daidai gindin allon, ya ɗaga kai ya karanta, ya ce, "Au, kai ne titin?"

Mai hankali da nan ya tsaya. Saje kuwa sai ya ɗauko tsohuwar hularsa ta soja da usur, ya kafa kujera a bakin layi. Duk wanda ya ji ya ce Layin Kaye sai ya busa usur ya ce ya yi tsallen kwaɗo. Mai ɗinki ya yi biyu don a zauna lafiya. Wata mai ciki ta ce in ya isa ya zo ya sa ta. Masu sayen ƙosaina suka fara zagayawa ta bayan masallaci suna saye a wani wuri, raina kuwa ya ɓaci ƙwarai.

"Saje," na ce, "bututu ka fasa mini na yi shiru. Yanzu kuma mutanena kake kora? Wai me sunan nan ya yi maka ne?"

Nan fa ya ɓallo wa kansa ruwa na biyu. Tambayar da ba wanda ya yi cikin shekara arba'in, a yini ɗaya ta zagaye Rikoto. A wurin niƙa ita ake yi, a shagon aski ita ake yi. Me ya sa Saje ya tsani sunan? Wa aka kayar? Wa ya yi kayen? Mutane suka fara taruwa a bakin layi, cinikina ya dawo har ya fi da.

Da ya ga an matsa, sai ya miƙe ya gyara hula. "To ku saurara. Wani ƙato ne ya zo daga Sakaba bayan bikin Uhola, bikin da muke yi in an gama girbi. Tsawonsa ya kai ƙofar shagon can. Ya kayar da samari tara. Ni kuwa na ɗaga shi sama na buga da ƙasa, a nan daidai. Shi ne asalin sunan."

Aka yi tafi. Innocent bai tafa ba, ya dafa ƙofar shagonsa ya ce, "Oga Saje, to ai sunan yabonka ne."

"Ƙwarai."

"To me ya sa kake son gogewa?"

Saje ya murza gashin baki ta dama, ya murza ta hagu. "Tausayi. Mutumin yana da jikoki."

"Jiya ka ce wa mai aski ɗan Wasagu ne."

"Uwarsa ce 'yar Wasagu."

"Yaya sunansa?"

"Ya mutu."

"Matattu ba su da suna?"

Saje ya busa usur ya ce an tashi taro.

Daga nan ya ruga wurin mai unguwa, Baba Ezekiel, tsoho tukuf da ya girme shi da shekara goma. Ya ce a tara mutanen layi a tabbatar da sabon suna a hukumance. Baba Ezekiel ya ce ya haƙura. Saje ya ƙi. Ya ce lallai sai ran Asabar da safe, a gama kafin baƙinsa su iso da la'asar. Ya kuma kira Baba Dominic ya ce masa an sauya sunan layi, in sun shigo gari Titin Saje Philemon za su tambaya.

Asabar ta yi, aka shimfiɗa tabarmi da benci a gindin mangwaron bakin layi. Rabon da in ga taro irin wannan tun zaɓe. Har mutanen da ba layinmu suke ba sun zo jin wa aka kayar. Saje ya sha babbar riga, ya yi jawabi mai tsawo a kan ci gaba da wayewa da yadda ake yi a Laberiya. Mata na can cikin gidansa suna girkin baƙi, ƙamshin miya na tasowa.

Yana tsakiyar jawabi sai ga wata mota shaƙe da mutane da buhuna, da akuya biyu ɗaure a sama, tana bin wani ɗan kabu-kabu a hankali. Ta tsaya. Wani dogon tsoho mai wuyan bijimi ya fito yana share gumi. Baba Dominic ne, sun yi sammako don gudun rana.

"Surukina!" ya ce. "Tun hantsi muke yawo a garin nan. An kai mu bariki sau biyu. Michael ya ce ya san hanya, na ce kwatancen surukina za mu bi. Sai da ya matsa a gwada tsohon sunan, nan take aka kawo mu. Taron me ake yi?"

Kafin Saje ya haɗa ƙarya, bakuna ashirin sun ba da amsa. Baba Dominic ya ce madalla, ya zo a daidai, a ba shi benci.

Baba Ezekiel ya gyara zama ya dogara sandarsa. "Philemon, mun ji jawabinka. Amma mu nan ba a zauna aka raɗa wa layi suna ba. Abu ne ya faru, bakin mutane ya riƙe. Can ga Layin Rijiya Biyu, rijiyoyin sun rufe, suna na nan. Kuma yadda muka gada, sunan wuri na wanda ya jawo shi ne. Ba a cirewa sai shi ya yarda. Wanda ya yi kayen nan, ya yarda?"

Saje ya dubi tsohon da idon roƙo, tsohon ya dubi ganyen mangwaro.

"Baba, ai na faɗa. Ni ne na yi kayen."

"Philemon, ina wurin."

Duk ido ya koma kan Saje.

"To... to ko ma wane ne," in ji Saje, "ya daɗe da mutuwa."

"Ban mutu ba."

Duk muka waiga. Maman Rachael ce tsaye a bayan taro, muciya a hannu, zane ɗaure a ƙugu. Ta tako har tsakiya ba gaggawa. Ta gaishe da baƙi cikin ladabi, ta tambayi hanya, sannan ta nuna gindin allon da muciyar.

"Nan ne. Lokacin babu gidaje, hanyar rafi ce. Na ɗauko ruwa, ya tare ni shi da abokansa. An ce ya yi kaye biyu a Uhola, kansa ya kumbura. Ya ce ba zan wuce ba sai na ce ina sonsa. Na sauke tuluna don kada ya fashe, na kama shi na kayar."

"Santsi ne!" Saje ya yi ihu. "An yi ruwa ranar!"

"Haka ka ce a lokacin. Shi ya sa na bari ka tashi, ka zaɓi busasshen wuri da kanka, na sake kayar da kai."

Jama'a, ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Innocent ya zauna a ƙasa yana dukan cinya. Malamin makaranta ya cire tabarau yana share hawaye. Rachael ta leƙo daga ƙofar gida ta rufe baki da gyale, don ita ma ranar ta fara ji. Ni kuwa ƙosaina ya ƙone ƙurmus ban sani ba.

Baba Dominic kaɗai bai yi dariya ba. Ya miƙe ya tsaya a kan Saje. "Ka ce mini bayanka bai taɓa taɓa ƙasa ba."

A nan na ji tausayin Saje, wallahi na ji. Ya tsufa a gabanmu cikin minti ɗaya. Hannunsa ya tafi wajen gashin baki, ya sauko bai murza ba.

"Ya taɓa," ya ce. "Sau biyu. Bayan kwana bakwai na je wurin ubanta na shiga golmo, wato noman neman aure. Shekara bakwai ina noma masa gona kafin a ba ni ita. Don Allah kada laifina ya shafi Rachael."

Baba Dominic ya juya ya dubi kafaɗun Maman Rachael, ya dubi Rachael a bakin ƙofa, ya washe baki. "Michael! Ku sauke kayan nan maza kafin wani ya riga mu. Jikokin da zan samu daga gidan nan, duk Wasagu ba mai taɓa su. Kai kuma ka ji gidan da za ka shiga, ka riƙa magana a hankali."

Aka sake fashewa. Saje ya ga an tsira, nan take ƙirji ya fara dawowa. "Ai shi ya sa na zaɓe ta! Ido gare ni. To Baba, tunda an gama, sai a tabbatar da sabon..."

"Ban yarda ba," in ji Maman Rachael.

Ta juyo gare shi, ba faɗa a muryarta. "Baban Rachael, gida da sunanka ake kiransa. Gona taka ce. Takardar fansho kai ne a jiki. Ni ko sunana na yanka an manta, sai Maman Rachael. Duk faɗin Zuru abu ɗaya ne nawa, sunan layin nan. Kullum in na ji ɗan kabu-kabu ya faɗa sai in ji daɗi a raina. Shekara arba'in da biyu na rufa maka asiri, ban gaya wa ko ɗiyata ba. Shi ne za ka goge da fenti?"

Saje ya tafi da kansa ya jijjige allon, ya kwantar a gaban Innocent, ya ce a shafe da fari a rubuta Layin Kaye. Innocent na cikin rubutu sai Saje ya yi gyaran murya, ya ce da ƙarfi don baƙi su ji karamcinsa, "Ka ƙara sunanta a ƙasa. Beatrice. Ni na ba da izini."

"A'a," ta ce. "Bar shi haka. Wanda bai sani ba ya tambaya, ni zan ba shi labari da bakina."

Ta kuwa cika alkawari. Matar da ba ta magana goma a yini, yanzu kullum da hantsi tana kan bencina a gindin allo, ko baƙo bai tambaya ba sai ta tambaye shi ko ya san dalilin sunan. Saje ya fasa katangar bayan gidansa ya yi ƙofa, ta nan yake fita.